Hukuncin Yi Wa Wanda Ya Bugu A Kai Allurar Eritrofoyetin Domin Kare Ƙwaƙwalwarsa

Tambaya

Ni mutumin Bakura ne. Ƙanena ya faɗo daga kan babur yana dawowa daga kasuwar Talata Mafara, kansa ya bugu da kwalta, yau kwanansa biyu a asibiti bai farfaɗo ba. Wani ɗan'uwanmu ya aiko mana da saƙo cewa akwai wata allura mai suna eritrofoyetin wadda take kare ƙwaƙwalwa daga lalacewa. Likitan da ke duba shi bai rubuta ta ba, kuma mun ji tana da tsada. Wasu daga cikin dangi suna cewa a sayar da gonarsa ta rani a sayo. Shin allurar halal ce? Shin wajibi ne mu nemo ta? Idan muka bari ya rasu, muna da zunubi?

Amsa a taƙaice

Allurar halal ce a asalinta, kuma magani ce tabbatacciya ga ƙarancin jini na masu ciwon ƙoda. Amma manyan gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane ba su tabbatar da cewa tana kare ƙwaƙwalwa bayan buguwar kai ba. Saboda haka ba wajibi ba ne ku nemo ta, babu zunubi a kanku idan kun bar ta, kuma bai halatta a sayar da gonar majinyaci dominta ba, ko a yi masa ita a bayan idon likita.

Amsa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa. Muna roƙon Allah Ya ba ƙanenka lafiya, Ya ba ku ladan jinya.

Na farko: mece ce wannan allura?

Eritrofoyetin, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da EPO, sinadari ce da Allah Ya sanya ƙodar ɗan Adam take samarwa. Idan iskar oksijin ta yi ƙaranci a jini, ƙoda sai ta sake shi, ya tafi cikin ɓargo ya zaburar da shi ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini. Shi ya sa mai ciwon ƙoda yake yawan fama da ƙarancin jini, domin ƙodarsa ta daina samar da isasshe. Masana sun tace wannan sinadari a shekarar 1977, sun gano ƙwayar halittar da ke ƙera shi a 1985, sannan a 1989 hukumar magunguna ta Amurka ta amince a riƙa yin allurarsa ga masu ciwon ƙoda. Har yau wannan shi ne babban aikinsa, kuma duk wanda ya yi jinyar mai wankin ƙoda a Gusau ko Sakkwato ko Kano da wuya a ce bai gan ta ba.

Game da halaccinta: ba daga alade ake samo ta ba, ba kuma daga mushe ba. Ana dasa ƙwayar halittar ɗan Adam ce a cikin wasu ƙwayoyin rai da ake renonsu a ɗakin gwaji, waɗanda asalinsu daga wata ƙaramar dabba ce mai kama da ɓera, su riƙa fitar da sinadarin, sannan a tace shi. Wasu kamfanoni suna haɗa shi da ɗan furotin da aka ciro daga jinin mutum domin kada ya lalace. Abin da ya fi bayyana shi ne babu laifi a yi magani da shi ga mai buƙata, domin malamai sun halatta ƙarin jini ɗungurungum saboda lalura, balle abin da aka tace daga cikinsa.

Sai dai kasancewar abu halal ba ya nufin yana maganin kowace cuta. Zuma halal ce kuma waraka ce, amma ba a ɗora karaya da ita.

Na biyu: me ya sa aka yi zaton tana kare ƙwaƙwalwa?

Idan kai ya bugu, ɓarna iri biyu ce take faruwa. Ta farko ita ce ta lokacin buguwar, wadda babu maganin da zai mayar da ita baya. Ta biyu tana biyowa ne cikin sa'o'i da kwanaki: ƙwaƙwalwa ta kumbura a cikin ƙoƙon kai wanda ba ya buɗewa, jini ya taru ya danne ta, iska ta yi mata kaɗan, ƙwayoyinta da suka tsira da farko su shiga mutuwa. Duk aikin likitoci a kan wannan ɓarna ta biyu yake.

Masu bincike sun lura cewa idan aka yi wa ɓeraye rauni a kai sannan aka ba su EPO, kumburi yana raguwa, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da yawa suna tsira. Daga nan fata ya yi ƙarfi. Amma abin da ya yi aiki a jikin ɓera ba lallai ne ya yi a jikin mutum ba, don haka aka gwada a kan majinyata.

A birnin Hiyuston na Amurka an gwada ta a kan mutum 200 masu mummunar buguwar kai, aka fitar da sakamako a 2014. Bayan wata shida ba a ga waɗanda aka yi wa allurar sun fi sauran murmurewa ba.

Gwaji mafi girma shi ne wanda aka buga a mujallar likitanci ta Lancet a 2015. An yi shi a asibitoci 29 a ƙasashe bakwai, cikinsu har da Saudiyya da Faransa da Jamus da Ostareliya, a kan mutum 606. An raba su biyu ta hanyar ƙuri'a: rabi aka yi musu EPO, rabi aka yi musu ruwan gishiri, ba tare da majinyaci ko likita ya san wacce aka yi wa wane ba. An fara allurar cikin awa 24 da jin rauni, sau ɗaya a mako, iyakarta sau uku. Bayan wata shida, waɗanda suka rasu ko suka tashi da naƙasa mai tsanani sun kai kashi 44 cikin 100 a ɓangaren EPO, da kashi 45 cikin 100 a ɓangaren ruwan gishiri. Ka ga ke nan babu bambanci.

Adalci ne mu faɗi ɗaya ɓangaren. A wannan gwaji waɗanda suka rasu sun kai kashi 11 cikin 100 a ɓangaren EPO, da kashi 16 a ɗaya ɓangaren. Sai dai a ƙa'idar lissafin bincike wannan tazara ba ta kai yadda za a kore cewa dacewa ce kawai ba, shi ya sa masana suka ɗauke ta a matsayin abin ci gaba da bincike, ba su mayar da ita dokar magani ba. Kundin ƙa'idojin jinyar mummunar buguwar kai da aka sabunta a Amurka a 2016 bai sanya EPO cikin magungunan da ake bayarwa ba.

Kuma tana da illa. Tana iya hawar da jini, tana iya sa jini ya daskare a jijiya. A Jamus an gwada ta a kan masu shanyewar ɓarin jiki, sakamakon da ya fito a 2009 ya nuna mutuwa ta fi yawa a cikin waɗanda aka yi wa ita. Akwai darasi makamancin wannan a maganin sitiroyid: likitoci sun shafe shekaru suna ba masu buguwar kai shi da zaton yana rage kumburi, har sai da wani gwaji a kan mutum sama da 10,000 ya nuna a 2004 cewa ƙara mutuwa yake yi, aka daina.

Ƙari a kan haka, lokacin da aka fara allurar a wancan gwaji, wato awa 24 na farko, ya riga ya wuce ga wanda ya kwana biyu. Sannan allura ce da ake ajiyewa cikin firji, zafi yana lalata ta. Wadda aka sayo a kasuwa aka ɗauko a aljihu cikin zafin Zamfara, babu mai lamunce maka abin da ya rage a cikinta.

Na uku: hukuncin Shari'a

Asalin neman magani halal ne. Bukhari ya ruwaito daga Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, abin da ke nuna cewa kowace cuta Allah Ya saukar mata da waraka. A ruwayar Imam Ahmad daga Ibn Mas'ud an ƙara bayanin cewa akwai wanda ya san warakar, akwai wanda ya jahilce ta. Wannan yana nuna cewa magani abu ne da ake saninsa da ilimi, ba da jita-jita ba.

Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙasa da ƙasa, a zamanta na Jidda a 1992, ta bayyana cewa hukuncin neman magani yana sauyawa da sauyawar hali. Yana zama wajibi idan barinsa zai kai ga halaka ko rasa wata gaɓa ko naƙasa. Yana zama mustahabbi idan barinsa zai raunana jiki kawai. Yana zama makaruhi idan ana tsoron illarsa ta fi cutar da ake son kawarwa. A sauran halaye halal ne. Malamai kuma tun da can sun rarrabe tsakanin sababin da aka tabbatar da amfaninsa, da wanda aka rinjayar da zato a kansa, da wanda tsammani ne kawai. Wajibci yana rataya ne da na farko da abin da ya yi kusa da shi. Tsayar da jinin da ke zuba, da buɗe wa majinyaci hanyar numfashi, da tiyatar cire jinin da ya danne ƙwaƙwalwa, duk suna cikin wannan. EPO ga buguwar kai ba ta kai wannan matsayi ba.

Daga nan hukunce-hukunce huɗu suke fitowa.

Ɗaya: babu zunubi a kanku idan ba ku sayo ta ba, ko da Allah Ya ƙaddara masa rasuwa. Ana kama mutum da sakaci ne idan ya bar abin da aka san yana ceto alhali yana da iko. Kada Shaiɗan ya buɗe muku ƙofar "da mun yi kaza".

Biyu: wanda ya suma dukiyarsa amana ce a hannun waliyyinsa, ba ya taɓa ta sai a abin da maslaharsa ta bayyana. Gonar rani a yankin madatsar ruwa ta Bakolori ita ce abincin matarsa da 'ya'yansa, kuma idan ya tashi zai buƙaci watanni na jinya da gashi. Sayar da ita domin abin da ba a tabbatar ba tozarta dukiya ne, kuma Shari'a ta hana. Haka nan cin bashi da ruwa dominta haramun ne, babu wata lalura da ta halatta shi a nan. Idan kuwa kuɗin hoton ƙwaƙwalwa ne ko tiyata ko motar kai shi babban asibiti, to wannan maslaha ce bayyananniya, dangi su fara haɗa hannu, in ya gagara a taɓa dukiyarsa gwargwadon buƙata.

Uku: haramun ne a kawo mai kemis ko wani ma'aikaci ya yi masa ita a ɓoye. Abu Dawud da Nasa'i sun ruwaito abin da ke nuna cewa wanda ya shiga aikin likitanci alhali ba a san shi da saninsa ba, shi ke da lamunin ɓarnar da ta biyo baya.

Huɗu: idan likitan da ke kula da shi ne ya rubuta ta saboda wani dalili na daban, kamar ciwon ƙoda da ƙarancin jini, babu laifi a yi. Kuma haƙƙinka ne ka tambayi likita cikin ladabi: mene ne amfanin wannan magani, mene ne illarsa, me zai faru idan ba a yi ba?

Akwai wata ƙissa da ta dace da wannan babi ƙwarai. Abu Dawud ya ruwaito daga Jabir, Allah Ya yarda da shi, cewa a wata tafiya dutse ya fasa kan wani mutum, sannan wankan janaba ya kama shi. Ya tambayi abokan tafiyarsa ko yana da sauƙin yin taimama, suka ce ba su ga haka ba tunda ga ruwa. Ya yi wanka, ya mutu. Da labari ya kai ga Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi fushi, ya jingina musu kisansa, ya zarge su da rashin tambaya a kan abin da ba su sani ba. Waɗannan mutane alheri suka nufa, amma kyakkyawar niyya ba ta wanke su ba. Duk mai tura wa iyalan majinyaci sunan magani ta WhatsApp ya yi wa kansa hisabi da wannan ƙissa.

Na huɗu: abin da yake kare ƙwaƙwalwa a haƙiƙa

Abubuwan da aka tabbatar suna hana ɓarna ta biyu sun fi EPO araha, kuma da yawansu a hannun mutanen da suka fara isa wurin hatsari suke.

Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa ko fura ko rubutu. Ba ya iya haɗiya, abin zai gangara huhunsa ya shaƙe shi. Mai son yi masa ruƙiya ya karanta Fatiha da Falaƙi da Nasi ya tofa masa a hankali, wannan sunna ce kuma ba ta cutarwa.

A riƙe kansa da wuyansa a miƙe, kada a jijjiga shi ko a ja shi ta hannu, domin buguwar kai takan zo da karayar wuya. Idan yana amai ko jini na taruwa a bakinsa, mutum uku ko huɗu su juya shi gefe gaba ɗaya, kai da gangar jiki tare. A danne inda jini ke zuba da tsumma mai tsabta. Faɗuwar ƙarfin jini da ƙarancin iska su ne manyan abokan gaban ƙwaƙwalwar da ta ji rauni.

A nemi mota, kada a sa shi tsakiyar mutum biyu a kan babur matuƙar akwai wata hanya. Lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ita ce 122. A riƙe lokacin da hatsarin ya faru a faɗa wa likita, domin akwai allurar rage zubar jini mai suna taranezamik wadda wani gwaji a kan mutum sama da 12,000 ya nuna a 2019 cewa tana rage mutuwa ga masu buguwa mai sauƙi da matsakaiciya idan aka yi ta cikin awa uku. Tana da araha, amma likita ne zai yanke hukuncin yin ta.

A fara da asibiti mafi kusa domin a daidaita numfashi da jini. Talata Mafara tana kan babban titin Gusau zuwa Sakkwato, kuma ta kansa mutanen Bakura da Maradun suke bi idan an tura su gaba: ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, inda akwai cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa. Idan likita ya ce a wuce da shi, kada a tsaya jiran babban wa ya dawo daga tafiya. Majalisar Fiƙihun da muka ambata ta bayyana cewa a halin gaggawa da ake tsoron rasa rai, magani ba ya jiran izini. Mun san halin tsaron hanya da dare, don haka wanda ya bugu da rana kada a bar shi a gida "a ga yadda zai kwana".

Wannan ya fi zama dole saboda wani nau'in zubar jini da ke yaudarar mutane. Mutum ya faɗi, ya suma na ɗan lokaci, ya tashi yana magana har ya koma gida da ƙafarsa, alhali jini na taruwa a hankali ƙarƙashin ƙoƙon kansa. Bayan 'yan sa'o'i ya sake suma. Irin wannan idan aka yi masa tiyata da wuri yakan warke sarai. Alamun da za su sa a garzaya asibiti su ne: amai a kai a kai, ciwon kai mai ƙaruwa, barcin da ake shan wuyar tashinsa, ruɗewa ko sambatu, jijjiga, mutuwar hannu ko ƙafa, ruwa ko jini daga kunne ko hanci, da ƙwayar ido ɗaya ta fi ɗaya buɗewa. Wannan ya shafi yaron da ya faɗo daga bishiya ko jaki ko amalanke, da tsohon da ya zame a makewayi, da wanda aka sara ko aka buga a kai. Kada a ba su asfirin ko dikilofenak domin suna ƙara zubar jini, kada kuma a ba su taramol domin yana ɓoye alamun.

Na biyar: hular kwano da tawakkali

Kariyar ƙwaƙwalwa mafi ƙarfi ita ce wadda ake sawa kafin a faɗi. Binciken da aka tattara ya nuna hular kwano tana rage haɗarin rauni a kai da kusan kashi 69 cikin 100, tana rage mutuwa da kusan kashi 42. Tun 1 ga Janairun 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta sanya ta a Najeriya, amma har yau da wuya ka ga ɗan kabu-kabu ko fasinjansa da ita a garuruwanmu.

Mai cewa "abin da Allah Ya rubuta sai ya faru" ya faɗi gaskiya, amma bai cika ta ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya shiga Makka ranar da aka buɗe ta da kwalkwali a kansa. A yaƙin Uhudu kuma an farfasa kwalkwalin da ke kansa mai albarka. Shi ne shugaban masu tawakkali, amma ya kare kansa da ƙarfe. Kiyaye rai da kiyaye hankali suna cikin abubuwa biyar da Shari'a ta zo domin tsare su, har malaman fiƙihu suka sanya cikakkiyar diyya a kan gusar da hankali, da sulusin diyya a kan raunin da ya kai ga fatar ƙwaƙwalwa. Magidanci da yake ɗora matarsa da 'ya'yansa a babur ya sani kiwo aka ba shi, kuma za a tambaye shi.

Na shida: ibadar majinyaci

Sallolin da lokacinsu ya fita gaba ɗaya yana cikin suma, babu ramuwa a kansa a mazhabar Malikiyya da Shafi'iyya. Hanbaliyya suna ganin ya rama, Hanafiyya kuma suna ganin ya rama idan ba su wuce salla biyar ba. Azumin Ramadan da ya kuɓuce masa zai rama idan ya samu lafiya. Idan ya farfaɗo ya yi salla yadda ya iya, a zaune ko a kwance, ya shafa a kan bandeji, ko ya yi taimama idan ruwa zai cutar da shi. Allurar magani da ba ta abinci ba, a fata ko tsoka ko jijiya, ba ta karya azumi, kamar yadda Majalisar Fiƙihu ta tabbatar a 1997.

Wasu sukan tashi da mantuwa, ko saurin fushi, ko sauyin hali, ko farfaɗiya. Wannan sananne ne a raunin ƙwaƙwalwa, kada a yi gaggawar jingina shi ga aljanu ko sammu har a kai ga zargin maƙwabta da kishiyoyi. A haɗa masa addu'a da komawa asibiti. Gwargwadon abin da ya gushe na hankalinsa, gwargwadon abin da aka ɗauke masa na hisabi, kuma maganar saki ko ciniki da ya furta a wannan hali a kai ta gaban alƙali ko malami kafin a zartar. Matar da ta yi haƙuri da miji irin wannan, da iyayen da suka yi haƙuri da ɗa, ladansu yana wurin Allah.

Allah ne Mafi sani.